Ga ɗan uwan da yake tambaya kan lambun kakansa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan tsoho ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashi. Ɗan uwa kace kakanka da ya raine ka ya rasu, maharbi ne, masunci ne, ga lambu a bakin fadama, ko arba'in ba a yi ba baffanninka sun fara maganar sayarwa, kai kuma ko hanyar lambun ka kasa bi, kana tambaya me zaka yi kuma wai ciwon nan yana wucewa kuwa. Wallahi ba don kace ku mutanen Guri ne ba da sai ince wani ɗan gidanmu ne ya rubuta, don ni ma abin da ya same ni kenan, mu namu ta wajen Kirikasamma.

Mahaifina ya rasu ina goye, kakana Baba Tsoho ne ya ɗauke ni, kuma bai taɓa kiran sunana ba sai dai abokina. Mutum ne da bai iya zama ba. Ruwa ya fara ja baya yana cikin kwale-kwale da kayan kamun kifi, birgi da mamari, sanyi ya shigo yana lambu yana jan jigo tun asuba, bazara ta yi kuma ya kira karnuka sai daji. Da dare yana ɗinkin koma, ya maƙale zaren a babban yatsan ƙafa ya miƙe ta, fitilar ƙwai a gefe, ni ina riƙe masa dalma, yana faɗa min kifi ɗaya bayan ɗaya, tarwaɗa, karfasa, kurungu mai ƙaya, bargi, gaiwa da take binne kanta a taɓo ta kwana rani, minjirya da in ka taɓa ta hannunka ya sage. Kullum hirarsa kafin a datse ruwa da dam ɗin Tiga a 1974 yadda ruwa yake malala, aka zo aka ƙara dam ɗin Challawa a 1992, sauran kuma basai na faɗa muku ba, kowa a nan ya san abin da ciyawar kachalla ta yi wa hanyoyin ruwanmu da yadda tsuntsun jan baki ya samu gidan kwana a ciki.

Yana da burtu. Kan tsuntsun ne da dogon baki, an ɗora shi a kan lanƙwasasshen itace an naɗe da fata, ya ɗaura a goshi ya lulluɓa da baƙin zane ya durƙusa yana rarrafe, yana ɗaga kan yana saukewa, dinya, agwagwar daji, na can tana kiwo bata san mutum bane har ya iso inda yake so. Na taɓa kwanciya a bayan wata tsamiya ina kallonsa, numfashi ma a hankali nake yi. Amma fa baya harbin mai ciki, baya shiga daji da damina, ƙaramin kifi ya shigo koma mayar da shi yake, kuma saura kaɗan a kai shi gaban bulama ranar da ya kama wasu suna zuba gubar gamalin a tafki.

To da ya rasu ina Kano wajen aiki, na zo aka yi bakwai da ni na koma, nace sai arba'in in dawo a zauna. Wallahi ɗan uwa ko kira babu wanda ya yi min. Na sauka a mota na bi ta fadama don in fara gaida lambun kafin in shiga gida, tun daga nesa na ga fili fayau. Mangwaro babu, gwaiba babu, lemun tsamin da muka dasa tare babu, sai kututture da garin katako a ƙasa, fangalin albasa duk an tattake, sandar jigon ma an cire. Baffana babba ya sayar wa wani mai noman shinkafa, itatuwan kuma ya sayar daban wa masu injin yanka. Mutumin da tunda na yi wayo ban taɓa ganin ya ja guga ɗaya a lambun nan ba, sai dai ya turo yara da buhu lokacin mangwaro. Na shiga gida na gaishe shi na durƙusa yadda aka koya min, nace Baffa ina kayan Baba Tsoho, yace wane kaya, nace koma da burtu, sai yace koma ya bayar, sauran tarkacen tsafi kuma ya haɗa ya ƙona. Layu da guraye ban ja da shi ba, ni ma ban riƙe su komai ba, amma burtu fa? Itace ne da fata da ƙashin tsuntsu, dabara ce ta sana'a, me ya haɗa shi da tsafi? Ya kalle ni a gaban yaransa yace kai meye naka a ciki, ubanka ya riga nasa ubansa mutuwa, ko allura baka da ita a gidan nan. Har yau maganar nan in ta faɗo min sai in ji abinci ya fita raina. Ni na yi jinyar tsohon nan lokacin da ƙafa ta hana shi tashi, ni nake wanke shi, ni nake ban ruwa in dawo in faɗa masa tumatir ya fara fure ya yi murmushi. Ina gaida Baffa har gobe saboda zumunci, amma zuciyata bata koma daidai ba, ina roƙon Allah ya wanke min ita.

Maganar gado gaskiya ya faɗa, na tambayi malamai, jika baya gado in akwai ɗa namiji a raye, ban ja da hukuncin Allah ba. Amma ai aya ta 8 a Suratun Nisa'i cewa ta yi in dangi da marayu suka halarci rabo a ba su wani abu a faɗa musu magana mai daɗi. Maganar mai daɗin ma ban samu ba. Kuma sau nawa tsoho yana cewa lambun nan na abokina ne, sai dai ba a rubuta ba, waɗanda suka ji kuma suka yi shiru. Don haka kai tun yau ka bincika ko ya taɓa yin wasiyya a gaban mutane, wasiyya ga wanda ba magaji ba tana tsayawa matuƙar bata wuce sulusi ba, in akwai shaidu ka je wajen liman ku zauna cikin mutunci.

Kuma dan Allah ka daure ka je lambun. Na san da wuya, ka je ka yi kukanka a can, hawaye ba haramun bane, Annabi (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Ka nemi izini ka ɗebi iri, irin albasarsa, barkono, kuɓewa, yakuwa, duk abin da yake ajiyewa a ƙullin tsumma ko a kwalba da toka. Zogale reshe kawai zaka sara ka kafa ya kama. Mangwaro in mai aure ne ƙwallon ba zai baka irinsa ba, sai ka samu mai lambun dashe ya yanki reshe ya aura maka a kan ƙarami. Ni ko ƙwallo ɗaya ban samu ba. Ya tabbata a hadisi duk musulmin da ya dasa itace mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci sadaka ce gare shi, to ka dasa da niyyar Allah ya kai masa ladan, ka dage da addu'a, in akwai bashin zare ko na taki a kansa a biya kafin komai.

Kar ka tunkari baffanninka kai tsaye da zafi, zasu ce ka yi rashin kunya shikenan magana ta mutu. Bi ta gwaggonninka, su ma magada ne kuma sun fi tausayi, ka nemi a baka haya ko a baka lokaci ka haɗa kuɗi ka sayi ko ɓangaren da itatuwan suke. In ya bar bindiga kuwa kar ka ɗauke ta ka hau mota da ita a wannan zamanin, ko ta gargajiya ce sai da lasisin 'yan sanda, ka bar manya su san yadda zasu yi da ita. Komarsa kuma ka rataye ta sama saboda ɓera.

Abin da yake ƙona min rai yanzu yaran da suke kiran kansu mafarauta, a cinna wa daji wuta saboda gafiya ɗaya, a ja tafki da gidan sauro a kwashe har ƙwai, babu wanda zai tsawatar don masu tsawatarwar sun ƙare. Shi yasa nace ka nemi abokan tafiyarsa da suka rage, ka kai musu goro ka kunna waya ka ɗauki muryarsu, su baka labarinsa da kirarin da ake masa, zaka ji abubuwan da shi bai taɓa faɗa maka ba.

Ciwon kuma ba zan ce maka yana wucewa gaba ɗaya ba, yana dai sauƙi, zaka koma barci zaka koma dariya, sai lokacin sanyi ya zagayo ka ji ƙanshin banda ya dawo maka sabo. Baka faɗa mana ba, kakarka tana raye? In tana raye ita zaka fara samu kafin kowa, ta fi ka jin rashin nan kuma ita kaɗai ce zata ce a dakata da sayarwa su ji kunya su dakata.