Tambayoyin Masu Karatu: Waƙar Ɗan Maryamu da Batun "Mai Ita"

Tambaya daga Jos: Malam, akwai waƙar Kirsimeti mai suna Mary's Boy Child, wadda Harry Belafonte ya fara fitarwa, daga baya ƙungiyar Boney M ta sake rera ta. Mu a nan ta Boney M muka sani, ita muke ji a shaguna da motoci duk watan Disamba. Wannan bai ƙaryata karin maganar da ke cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi ba?

Amsa: Bai ƙaryata ta ba, amma kafin a yanke hukunci sai a fara gano wane ne mai ita, domin ba Belafonte ne ya ƙaga waƙar ba. Wanda ya tsara ta shi ne Jester Hairston, Baƙar fata ɗan Amurka, gwanin shirya waƙoƙin taro, kuma ya ɗora ta a kan salon kalifso na tsibiran Karibiyan. Belafonte ya naɗe ta a 1956, ya rera ta a tsanake cikin murya mai taushi, yana ba da labarin haihuwar Yesu a Baitalami da makiyayan da suka ji albishir daga mala'iku. A ƙarshen 1957 ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi ciniki a Ingila, ta shafe makonni bakwai a can, aka sayar da faifanta fiye da miliyan ɗaya. A 1978 kuma Boney M, mawaƙa huɗu 'yan asalin Karibiyan waɗanda Frank Farian ya haɗa a Jamus ta Yamma, suka ƙara mata sauri da kiɗan disko, suka liƙa mata sabon ɓangare a ƙarshe, ita ma tasu ta zama ta ɗaya a Kirsimetin wannan shekara.

To, mutum uku ke nan, ko in ce hannu uku, kuma Bahaushe yana iya kiran kowannensu mai waƙar. Kalmar "mai" ba ta tsaya ga mallaka kaɗai ba. Mai gari ba shi ya kafa gari ba, mai doki kuwa yana iya zama wanda ke kan dokin a lokacin da aka hango shi. Mai waƙa a cikin wannan karin magana shi ne wanda ya san cikinta da bainta, wanda ya san inda ake jan numfashi da inda ake miƙa wa 'yan amshi. Dubi Imfiraji ta Aliyu Namangi: yawancin waɗanda suka san ta sun fara jin ta ne daga bakin makafi a ƙofar gida ko a bakin kasuwa, kuma babu mai cewa ta rasa daɗi domin ba a Zariya aka ji ta daga bakin mawallafinta ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ɗaukar karin magana kamar hukuncin alƙali a kan kiɗa. Ba a fagen waƙa aka fi amfani da wannan ba. Idan mutum ya dawo daga tafiya, wani ya yi zaraf zai ba da labarinsa alhali yana zaune, sai dattijo ya ce a bar shi ya faɗa da kansa, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Manufarta ke nan, a ji zance daga wanda abin ya shafa. Yawan ciniki kuwa ba ya cikin lissafinta ko kaɗan. A nawa kunnen ta Belafonte ta fi kusa da ma'anar kalmomin, domin labarin haihuwa a wurin da dabbobi ke kwana yana son natsuwa, amma ba zan hana mutanen Jos tasu ba.

Tambaya daga Kaduna: Yaya za mu kira abin da Boney M suka yi? Na ji wani a rediyo yana cewa kwafi, wani kuma ya ce satar fasaha.

Amsa: Duka biyun sun kauce, na biyun ma ƙazafi ne. Kwafi shi ne a juyi abu yadda yake ba tare da ƙari ko ragi ba, kamar yadda ake yi wa takarda. Satar fasaha kuwa sai an ɓoye sunan mai abu ko an ci moriyarsa ba da izini ba, alhali sunan Hairston yana nan a jikin waƙar. Kwaikwayo ma bai dace ba, domin mai kwaikwayo yana ƙoƙarin ya yi kama da na farko ne, su kuwa sun nisanta da salonsa da gangan. A ce sun sake rera ta, ko sun sabunta ta, ya wadatar. Ina roƙon masu gabatar da shirye-shirye su riƙa auna kalmar sata kafin su furta ta, domin al'adarmu cike take da 'ya'yan makaɗa masu rera waƙoƙin iyayensu, kuma gado muke kiran wannan.

Tambaya daga Yamai: Waƙar ta yi tashe za a ce, ko an yi yayinta?

Amsa: A 1957 da 1978 ta yi tashe, wato sunanta ya ɗaukaka a lokacin. Yayi yakan zo ya wuce, abin da ke dawowa kowace shekara kuwa ya fi ƙarfin a kira shi yayi.

Tambaya daga Wusasa: Wajen fassara sunan waƙar, Ɗan Maryam ya kamata a rubuta ko Ɗan Maryamu?

Amsa: Tunda waƙar Kirista ce, a bi sunan da masu ita suke amfani da shi. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara buga shi cikakke a 1932, Maryamu yake cewa, kamar yadda yake cewa Yesu da Yusufu. Musulmi suna cewa Maryam da Annabi Isa, bisa lafazin Alƙur'ani. Kowane yana da muhallinsa, kuma mai fassara nagari ba ya gauraya su a jimla ɗaya. Kada kuma a ce "yaro namiji na Maryamu", kalmar ɗa ta riga ta ɗauke wannan nauyi.

Tambaya daga Kumasi: Me ya sa har yanzu ake cewa faifan waƙa, ga shi a waya muke sauraro?

Amsa: Sunan ya samo asali ne daga faifan da mata ke saƙawa don rufe ƙwarya, saboda na garmaho ya yi kama da shi a faɗi da zagaye. Daga nan ya bi CD, ya bi bidiyo, kuma ban ga dalilin korarsa ba.