Tambaya da Amsa: Tsiron tumatir da tattasaina ya ƙone a ƙarƙashin fitila, an ce min yunwa ce

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciya ce, ina zaune a unguwar Hotoro, Kano, a gidan haya na sama, ba ni da tsakar gida. Na shuka tumatir da tattasai da latas a 'yan robobi a cikin wani ɗaki, na sayi fitilar shuka mai faɗi irin ta LED na rataya musu, tsakaninta da ganyen bai fi taƙi ɗaya ba. Da yake muna da sola, dare da rana a kunne take. Da farko sun fito gwanin sha'awa, amma da suka kai sati uku sai ganyen sama ya koma fari-fari, gefensa ya naɗe ya bushe. Mai sayar da irin ya ce yunwa ce, in barbaɗa takin yuriya, na kuwa barbaɗa shekaranjiya. Yau da safe na tarar rabinsu sun yi yaushi sun kwanta. Wallahi hankalina ya tashi. Za su tashi kuwa, ko in zubar in haƙura?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin ki gama karanta amsar nan, tashi ki kashe fitilar, ki kuma ɗaure bakin ledar yuriyar nan ki kai ta nesa. Abu biyu ne suka haɗu a kan shukarki. Fitila ce ta fara yi musu rauni, amma abin da ya kwantar da su yau da safe takin ne.

Ke da kanki kin faɗi alamar da ta warware maganar: ganyen sama ne ya yi fari. Wanda ya fi kusa da fitila shi ya fara lalacewa, na ƙasa da ke cikin inuwarsa yana nan kore. Haske ne ya yi masa yawa har ya cinye koren, shi kuma ganyen ya naɗe gefensa don ya rage abin da ke dukansa. Mutane suna cewa ai LED ba ta da zafi, to ina za ta ƙona ganye? Su ɗora bayan hannu a ƙarƙashinta su ji ba komai, shi ke nan su sauko da ita har kan tsiro. Gwajin bayan hannu zafi kawai yake nunawa. Ƙarfin haske daban ne, kuma yana iya farar da ganye ko da ɗakin da sanyi. Taƙi ɗaya nisa ne da ya dace da doguwar fitilar nan ta fulorasan mai rauni, ba faifan LED mai ƙarfi ba. Irin naki, ga tsiro ɗan sati uku, fara daga santimita 60, wato kamu ɗaya da ɗan ɗoriya, in mai ƙarfi ce sosai har 90, sannan ki riƙa saukowa da ita kaɗan-kaɗan kina kallon sabon ganye. In fitilar tana da maɓallin rage haske, mayar da shi rabi. In kina da manhajar auna haske a waya kuma fitilar fara ce, abin da ake nema a saman ganyen bai wuce lux (ma'aunin ƙarfin haske) 10,000 zuwa 15,000 ba a wannan matakin. A kan fitila mai launin shunayya kuwa kada ki yarda da lissafin wayar.

Sai batun barinta dare da rana. Awa 14 zuwa 16 ya ishe su, sauran awannin duhu suke so, duhu na gaske. Tumatir musamman an daɗe da sanin ba ya jure haske na awa 24. Ko da hasken ba mai ƙarfi ba ne, ganyensa sai ya yi dabbare-dabbaren ɗorawa ya lalace. Tattasai ya ɗan fi shi juriya, latas ma haka, amma ba wanda zai gode miki a cikinsu.

Yanzu bari in tsaya a kan abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya, don kusan kullum sai an kawo min irinsa. A garin nan, duk ganyen da ya sauya launi hukuncinsa ɗaya ne: yunwa. Ya yi fari, yunwa. Ya yi ɗorawa, yunwa. Ya naɗe, yunwa. Maganin kuma ɗaya, a zuba yuriya ko kamfa. Mutumin da bai ga shukar ba, bai tambayi wane ganye ne ya fara ba, bai tambayi girman robar ba, yana zaune a rumfarsa zai yanke miki hukunci ya kuma auno miki takin a leda, ba suna, ba ma'auni. Ba na cewa mugunta ce. Abin da ya gani a gonar masara yake faɗa miki, inda ƙasa take da faɗi da zurfi, ruwan sama ya zo ya rarraba takin. Robarki kuwa ƙasar da ke cikinta ba ta wuce cikin kofin shayi ɗaya ko biyu ba. Ina takin zai je?

Yunwar da yuriya take magani tana da kamanninta, kuma ba ta ɓuya. Daga ƙasa take farawa. Tsohon ganye ne yake yin ɗorawa gaba ɗayansa, saboda shuka tana kwashe sinadarin naitirojin daga tsofaffin ganye ta tura wa sababbi, don haka saman yana nan kore har sai abin ya yi nisa. Naki akasin haka ne. Akwai dai wata yunwar da take bayyana a sama, ta ƙarancin sinadarin ƙarfe, amma ita jijiyoyin ganyen suna zama kore shar, tsakaninsu ne yake yin ɗorawa, ganyen kuma ba ya bushewa ƙayau a gefe tun da wuri. Ita ma ba yuriya ce maganinta ba. Ta kowace fuska aka duba, shawarar da aka ba ki ba ta da gurbi.

Ga abin da ya faru a cikin robar. Yuriya kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, ba takin da ake sayarwa a buhu a kasuwanninmu da ya kai ta ƙarfi. Da ta narke a ɗan ruwan da ke cikin ƙasar, sai ruwan ya yi kauri fiye da wanda ke cikin saiwa. Kin san yadda yankakken tumatir yake tsatso ruwa in kin barbaɗa masa gishiri. Haka saiwar take yi, maimakon ta sha sai a zuƙe nata. Shi ya sa za ki ga ƙasa a jiƙe amma shuka ta yi yaushi. Ƙari a kan haka, a ƙasa mai ɗumi yuriya tana saurin komawa amoniya, wani sinadari mai kaifi, ita kuma tana ƙona 'yan siraran saiwoyin nan farare da tsiro yake sha da su. Shukar da haske ya riga ya gajiyar, wadda ko abincin da ke gabanta ba ta iya sarrafawa, ita aka ƙara wa wannan. Sai mai shuka ya ga ta ƙara lalacewa, ya koma wurin mai shawarar, a ce masa ai bai zuba da yawa ba ne, ko kuma a ce ƙwari ne, a haɗo shi da maganin feshi.

Nan ma ina roƙonki. Kada ki fesa maganin ƙwari irin su piya-piya a ɗakin da ake rufewa, a gidan da yara suke, a kan latas ɗin da za ki ci ɗanye. Ba ƙwari a maganarki. Haka ruwan sukari, da madara, da ƙwayar ciwon kai, da dunƙulen miya da ake yaɗawa a WhatsApp da TikTok wai suna farfaɗo da shuka. Sukari da madara fumfuna da 'yan ƙudaje kawai za su tara miki a kan ƙasa, dunƙulen miya kuwa gishiri ne a kan gishiri. Toka da ɗanyen kashin kaji ma a bar su tukuna, duk suna da zafi ga tsiro ƙarami.

Abin yi yau: in akwai ƙwayoyin takin da ba su narke ba a saman ƙasar, kankare su da cokali. Ki tabbata kowace roba tana da huda a gindi, in babu ki huda. Sai ki kai su banɗaki ki riƙa zuba ruwa mai tsafta a hankali, kamar ninki biyu zuwa uku na girman robar, yana fita ta ƙasa yana tafiya da takin. Ki bar su su tsane sarai, kada su zauna a cikin ruwan da ya fito. Daga nan ba ban ruwa sai kin soka yatsa kin ji saman ƙasar ya fara bushewa, domin saiwar da ta ƙone ba ta shan da yawa, kuma in ƙasar ta daɗe a jagwaɓe gindin tsiron zai ruɓe ya faɗi. Kwana ɗaya ko biyu ki ajiye su kusa da taga su huta da fitilar, sannan ki mayar da ita a nisan da na faɗa.

Ganyen da ya yi fari ba zai sake yin kore ba, kada ki zauna kina jira. Amma kada ki tsige shi duka. Wanda ya bushe fiye da rabi ki yanke da almakashi mai tsafta, wanda ke da sauran kore ki bar shi, da shi tsiron zai ci har ya yi sabo. Abin da za ki sa wa ido shi ne tohon da ke can tsakiyar kai. In yana da rai, cikin sati ɗaya zuwa kwana 10 za ki ga sabon ganye lafiyayye. Sai bayan nan, kamar sati biyu daga yau, za a yi maganar taki, kuma narkakke a ruwa, kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta a jikin kwalin.

Tun da kina aiki, ki nemi ɗan agogon nan da ake sakawa a soket yana kunna wuta yana kashewa. Ki sayi mai batir a ciki. Mai juyawa da ƙarfin lantarki yana tsayawa duk lokacin da wuta ta ɗauke, lissafinsa ya rikice, ki wayi gari yana haska su da tsakar dare. Ki kuma lura da zafin ɗakin. Tsiron tumatir ya fi jin daɗi tsakanin digiri 21 zuwa 27, mu kuwa a watan Afrilu zafin Kano yana kai 40, ɗakin sama mai rufin kwano kuma ya fi waje. A irin wannan lokacin gara fitilar ta yi aiki daga yamma zuwa safiya, a sa labule mai kauri su samu duhunsu da rana, a kunna musu ƙaramar fanka. Da hunturu kuma bushewar iska ce matsalar, ƙananan robobi suna ƙafewa da wuri.

Zan faɗa miki ra'ayina ko da ba ki tambaya ba. Fitilun nan sun fi amfani a ƙasashe irin su Ingila da Kanada, inda rana take gajarta ƙwarai a lokacin sanyi. Mu a nan tsawon yini bai cika sauka ƙasa da awa 11 ba duk shekara, kuma manoman Kura da Kadawa da suke cika kasuwar 'Yan Kaba da tumatir a fili suke renon irinsu. In kina da baranda ko taga mai kallon gabas, hantsi ya fi kowace fitila, kuma kyauta ne. Sai dai kada ki ɗauke su daga ɗaki ki dire a rana kai tsaye, wannan wata ƙunar ce. Bayan sun farfaɗo, fara da awa ɗaya na safe, kina ƙarawa kullum, cikin sati ɗaya zuwa kwana 10 sun saba.

Waɗanda gindinsu ya sirance ya yi baƙi a daidai bakin ƙasa, ko kansu ya bushe ƙurmus, ki zubar har da ƙasar, ki wanke robar. Tumatir da latas ba sa ba da wahala, irin tumatir yakan tsiro cikin kwana 5 zuwa 10, na latas ma bai kai haka ba, don haka sake shukawa ya fi jinyar wanda ya riga ya tafi. Tattasai ne yake da nawa wajen fitowa da girma, shi ya cancanci ki yi masa haƙuri ko da ganye biyu kawai suka rage masa. In kin sake rubutowa, ki faɗa min wat nawa aka rubuta a jikin fitilar da irin ƙasar da kika cika robobin da ita, sai in ba ki nisan da ya dace daidai.