An Gina Gadar Tsallaka Titi, Me Ya Sa Har Yanzu Mota ke Buge Mutane?

Tambaya: Malam, a unguwarmu a Kano akwai gadar masu tafiya a ƙasa kusa da makarantar yarana, amma mutane ba sa hawa, kuma har yanzu ana kaɗe masu tsallakawa. Ba kama masu ƙin hawa ne mafita ba? (Daga wata uwa)

Amsa: Hajiya, Allah ya tsare mana zuri'a. Kafin a kama kowa, ki dubi masu ƙin hawan: tsohuwa mai ciwon gwiwa, mai juna biyu, gurgu a kan kekensa, mai talla da faranti a ka. Ga matattakala mai tsayi, da dare kuma ga duhu da tsoron masu ƙwacen waya. Gadar nan direba ta fi amfana, domin ta ba shi damar taka mota ba tare da tsayawa ba.

Gudu ne yake kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan gudun mota ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65 a awa, haɗarin mutuwar wanda ta buge yana ninkuwa sau huɗu da rabi. Wanda aka buge a gudun kilomita 30 kuwa yawanci yakan rayu. Shi ya sa taron ministocin ƙasashen duniya kan kiyaye haɗurran hanya da aka yi a birnin Stockholm a 2020 ya nemi a tsayar da gudu a 30 duk inda mutane da motoci ke cakuɗuwa. Biranen Oslo na Norway da Helsinki na Finland sun rage gudu, sun matse tituna, kuma a 2019 ko mai tafiya a ƙasa ɗaya mota ba ta kashe musu ba.

Allon gargaɗi kaɗai ba ya hana gudu. Titi mai faɗi, miƙaƙƙe, shi da kansa yake kiran direba ya ƙara wuta. Abin da zan nema a ƙofar makarantarku shi ne wurin tsallakawa da aka ɗaga ya zama tudu, ta yadda dole direba ya taka birki, da ɗan dandamali a tsakiyar titi inda yaro zai tsaya ya fuskanci hannu ɗaya kafin ɗayan. Sai fitila mai aiki. Dandamalin nan, a ganina, ya fi kuɗinsa daraja nesa ba kusa ba.

'Yan KAROTA (hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano) da jami'an kiyaye haɗurra suna da nasu aikin, amma a kan masu abin hawa ya kamata ƙarfinsu ya tafi: mai karya danja, mai bin hannun da ba nasa ba, ɗan adaidaita sahu da ke sauke fasinja a tsakiyar titi, da mai ajiye mota ko kasa kaya a hanyar masu ƙafa har ya tura yara kan kwalta. Tara kaɗan da direba ya san ba makawa ta fi mai yawa da ake sasantawa a gefen hanya.

Ku haɗu da ƙungiyar iyaye da malamai da mai unguwa, ku rubuta wa ma'aikatar ayyuka, ku kuma nemi a riƙa turo jami'i lokacin shiga da tashi daga makaranta kafin a yi tudun.