Bawul ɗin zuciya yana yoyo bayan toshewar jijiya: gyara ko canji?

Tambaya daga Tudun Wada: Likita, mahaifina ya samu bugun zuciya bara. Yanzu an yi masa eko, wato hoton zuciya, an ce bawul ɗinsa na mitral yana yoyo. Me ya haɗa toshewar jijiya da bawul?

Allah ya ba Baba lafiya, 'yar'uwa. A arewa yawancin yoyon bawul da muke gani daga ciwon maƙogwaron da aka yi sakaci da shi a yarinta yake tasowa, amma na Baba daban ne. Bawul ɗin mitral, ƙyauren da ke hana jini komawa baya a ɓangaren hagu na zuciya, yana da marufi biyu, wasu siraran igiyoyi ne ke riƙe su da naman zuciya. Jijiyar da ke kai wa zuciya jini in ta toshe, sashen naman da take ciyarwa ya mutu, zuciya ta buɗe ta saki, sai igiyoyin su ja marufin su kasa haɗuwa, jini ya riƙa komawa baya zuwa huhu. Ƙyauren lafiyarsa ƙalau, bangon ne ya karkace. Shi ya sa mai irin ciwon Baba yakan yi haki in ya kwanta, sai an tara masa matashi biyu ko uku.

Tambaya daga Kawo: An ce za a yi mini baifas. Dole ne a taɓa bawul ɗin ma?

Malam, ya danganta da girman yoyon. In matsakaici ne, sau da yawa baifas kaɗai ake yi, wato tiyatar buɗe wa jini sabuwar hanya ya kewaye jijiyar da ta toshe, domin naman da ya sake samun jini yakan farfaɗo. In mai tsanani ne, tunda an riga an buɗe ƙirji, a haɗa aikin lokaci guda.

Hanya biyu ce. Ko a ɗinka zobe a bakin bawul a tsuke shi, ko a cire a sa sabo. Da can likitoci sun fi son zobe. Amma wani bincike da aka yi a Amurka da Kanada kan mutum 251 ya nuna bayan shekara biyu yoyon ya dawo wa kusan kashi 59 cikin ɗari na masu zobe, masu sabon bawul kuwa ƙasa da kashi 4, kuma ba a ga wani bambanci a yawan mace-mace ba. Ni dai, in zuciya ta buɗe sosai, canji na fi natsuwa da shi. Tambayi likitanka wanne ya zaɓa maka da dalilinsa.

Tambaya daga Rigasa: Gaskiya ne da naman alade ake yin sabon bawul?

Akwai na alade, akwai na saniya, akwai na ƙarfe, Hajiya, kuma kina da damar faɗin wanda kike so. Na ƙarfe yana daɗewa, sai dai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, har ƙarshen rayuwa da yawan gwajin jini. Na saniya yakan yi shekara 10 zuwa 15.

Tambaya daga Barnawa: Mijina ya haura 75, an ce ba zai jure tiyata ba.

Ba a rasa abin yi ba. Magungunan gazawar zuciya da na rage ruwa suna rage yoyon kansa in an daidaita su. Akwai kuma MitraClip, ɗan maƙale da ake zurawa ta jijiyar cinya ba tare da tsaga ƙirji ba, sai dai tsada gare shi kuma ba ko'ina ake yi ba. Ku riƙa auna nauyinsa kowace safiya. In ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana uku, ko ƙafa ta kumbura, ku kai shi asibiti a ranar.