Amsa: Ko gasar zane ta intanet za ta kashe kamfanonin talla?

Malam, ka tambaya ko shafukan intanet irin su 99designs da Fiverr, inda ake ba masu zane masu zaman kansu aiki, za su durƙusar da kamfanonin zane da talla. Ƙananan ayyuka kam sun riga sun kwashe su: tambari, katin kasuwanci, bangon littafi.

A 99designs, wanda aka kafa a 2008, mai aiki yakan buɗe gasa, masu zane da dama su turo nasu, ya zaɓi guda ya biya. Sauran sun yi wahalar banza, kuma wannan yana damuna ƙwarai.

Amma kamfani zai zauna da kai, ya binciki masu sayen kayanka, ya tsara tallar shekara guda. In kuma aka gano tambarin na sata ne, kana da wanda za ka riƙe.