Kyamara ɗaya ko kyamarori da yawa: ina bambancin yake?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na fara koyon ɗaukar bidiyo, kuma ina yawan jin ana cewa wannan shiri na kyamara ɗaya ne, wancan kuma na kyamarori da yawa. Amma na ga hoton bayan fage na wani fim da aka ce na kyamara ɗaya ne, sai ga kyamarori biyu a girke. Yaya abin yake? Kuma wanne ya fi dacewa da mai farawa irina?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Idonka bai yaudare ka ba, sunan ne ke rikita mutane. Abin da ya raba tsarin biyu shi ne lokacin da ake zaɓar hoton da mai kallo zai gani, da kuma yadda ake saita haske. Yawan kyamarori daga baya yake zuwa.

Ɗauki fitowa guda: uwa da ɗanta suna gardama a ɗaki, maganar minti biyu. A tsarin kyamara ɗaya, za a fara ɗaukarsu daga nesa, su biyun cikin hoto, tun daga farkon maganar har ƙarshenta. Sai a tsaya. A ɗauke kyamara a kai ta bayan kafaɗar ɗan tana kallon uwar, a jawo fitilu a gyara har fuskarta ta fito yadda ake so, su maimaita. A juya ɓangaren ɗan, a sake kwashe fitilu, su sake maimaitawa. In darakta na son a ga hannunta na rawa a kan marfin ƙofa, wannan ma ɗauka ce mai zaman kanta. Kowane matsayi kuma ana iya yin sa sau biyar ko goma. Kafin ka ankara maganar minti biyu ta cinye rabin yini. Shi ya sa babban fim yakan tashi da shafi biyu zuwa biyar na rubutaccen labari a rana, alhali shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo. Sai an gama duka edita zai zauna da guntayen nan ya ɗinke su.

Ribar wannan wahala tana cikin haske. Tunda kyamara wuri guda take kallo, duk filin da ke wajen hoton naka ne. Kana iya ajiye fitila dab da kumatun jaruma, ka bar rabin fuskarta cikin duhu, ka sauko da makirufo har ya kusa taɓa gashinta. Kyan hoton da ake danganta shi da silima, mafi yawansa daga nan yake fitowa, tsadar kyamara kaɗan take ƙarawa.

Sai dai akwai ciwon kai. Kofin ruwan da ke hannun uwar rabi ne a ɗaukar nesa, a ta kusa kuma ga shi cike. Agogon ɗan ya bar hannun hagu ya koma dama. Saboda irin wannan ake ajiye mutum guda, mai kula da kontiniti, ba shi da aiki sai lura da rubutawa. Ɗan wasa ma yana ji a jikinsa: kukan da ya yi da safe, dole ya sake kawo irinsa da yamma, wani lokaci ma yana kallon alamar da aka manna a gefen kyamara maimakon fuskar mutum.

A tsarin kyamarori da yawa kuwa, ɗakin nan bango uku ne da shi. A gurbin na huɗun ake jera kyamarori uku ko huɗu, ɗaya na ɗaukar nesa, sauran kowace ta riƙe mutum guda. 'Yan wasa su yi fitowar a miƙe kamar wasan dandamali. Darakta yana wani ɗaki gaban allunan kallo, yana magana a kunnen masu kyamara: "Ta biyu, shirya. Ta biyu, shiga." Mai na'urar sauya hoto ya danna, jar fitila ta kama a kan kyamarar da ke aiki. Wato tacewar ana yin ta ne nan take, ko da an adana hoton kowace kyamara don gyara daga baya. Fitilu kuma a sama ake rataye su, domin duk wadda ka ajiye a ƙasa wata kyamara za ta gan ta, kuma dole hasken ya yi wa kowace kusurwa daidai. Nan ne hoton ke fitowa fayau, ba inuwa, ba zurfi.

Labarai, muhawara da wasan ƙwallo ba su da zaɓi. Ba za ka ce wa wanda ya ci ƙwallo ya dawo ya sake ba.

A wasan barkwanci na talabijin, shirin I Love Lucy da aka fara a Amurka a 1951 ne ya kafa tsarin, ko da yake ba shi ya fara haɗa kyamarori ba. Karl Freund, wanda ya yi suna a silimar Jamus, shi ya tsara hasken da ya ba kyamarori uku masu fim na milimita 35 damar aiki tare a gaban 'yan kallo. Shirin barkwanci na Friends, daga 1994 zuwa 2004, wannan hanya ya bi. Ana shafe kwanaki ana atisaye, sannan a ɗauki kashi na kusan minti 22 a zama ɗaya. Jarumi ya saki magana, ya dakata dariyar mutane ta lafa. In ba a yi dariya ba, marubuta su sauya maganar a wurin. A barkwancin kyamara ɗaya, edita ne ke auna wannan dakatawar da almakashinsa.

Yanzu ga kyamarori biyun da ka gani. Ta farko ake kira A, don ita aka saita haske. Ta biyu, B, raɓawa take yi ta tsinci abin da ta samu, don a rage lokaci. Har yanzu ana tsayawa, ana sauya matsayi, ana tacewa daga baya, saboda haka tsarin kyamara ɗaya ne. In kuma za a fasa mota ko a tayar da gobara, ana iya girke biyar ko fiye, tunda abin sau ɗaya zai faru. Daraktan nan ɗan Japan, Akira Kurosawa, ya yi amfani da kyamarori da yawa a fagen yaƙin fim ɗinsa Seven Samurai na 1954, inda dawakai da mutane ke turmutsitsi cikin ruwan sama.

Ni a ganina, in labari kake son koyon ɗauka, riƙe kyamara ɗaya. Ita za ta tilasta maka sanin dalilin kowane hoto kafin ka danna. Mai farawa da ya samu biyu yakan girke su barkatai yana fatan wata za ta dace, ya ƙare da hotuna biyu marasa kyan haske. In kuwa hira ko taro za ka ɗauka, nemi biyu ko uku. Ka daidaita farin kala (saitin da ke sa farin abu ya fito fari a hoto) da adadin hoto a daƙiƙa a dukkansu, 25 ko 30, kada wata ta saɓa. Ka ja layi a zuciyarka tsakanin masu magana biyun, ka tara kyamarorin a gefe ɗaya na layin, in ba haka ba za su fito kamar wuri ɗaya suke kallo. Da kowace ta fara ɗauka, wani ya tsaya inda duka ke ganinsa ya tafa sau ɗaya da ƙarfi, kuma kada a kashe ko ɗaya sai an gama. Da wannan tafin edita zai jera hotunan a kan sauti guda.