In sabunta hayar shago a cikin gari, ko in sayi fili a bayan gari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon kayan masarufi a cikin birnin Kano, shekarata tara a wurin. Bana mai shago ya ninka mini kuɗin haya, ciniki kuwa yana nan yadda yake. Na tara naira miliyan shida. Wani dillali ya kai ni can gaba da Panshekara ya nuna mini filin awon igiya, ya ce gari na tahowa, in saya in gina shago in huta da haya. Raina ya kwanta da maganar, sai dai kuɗin nan su ne ƙarfin jarina. Me ka gani?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa nema albarka.

Dillalin nan ya faɗa maka gaskiya a abu ɗaya: gari na tahowa. Duk wanda ya san Kano shekara talatin baya ya san Rijiyar Zaki da Ɗanbare da Mariri galibi gonaki ne, yau ga su an cika su da gidaje har ana neman wurin ajiye mota. Ba Kano kaɗai ba ce. Legas a 1950 ba ta kai mutum dubu 500 ba, yanzu ana maganar fiye da miliyan 15. Yamai lokacin samun 'yancin kai a 1960 mutanenta wajen dubu 30 ne, ƙidayar 2012 ta same ta sama da miliyan ɗaya. Haihuwa na ƙaruwa, ƙauye na kwararowa birni neman abinci, rashin tsaro kuma ya koro wasu daga gonakinsu ba da son ransu ba. Saboda haka ba na shakkar cewa wata rana wurin da aka nuna maka zai zama unguwa.

Abin da dillali bai faɗa maka ba shi ne yadda garuruwanmu suke tahowa. Mutane ne ke fara isa. Titi, kwata, ruwan famfo, wuta da takardar hukuma sai su biyo baya, wani lokaci bayan shekara goma, wani lokaci ba su zuwa sam. A cikin wannan tazarar ɗan kasuwa ke samun arziki, a cikinta kuma yake karyewa. Kuɗinka miliyan shida ne, kuma ka ce su ne ƙarfin jarinka. Idan ka sayi fili, ka sayi bulo da siminti da rodi da kwano, ka biya magina, me zai rage ka zuba a kan kanta? Na sha ganin wannan, kuma yana ba ni tausayi ƙwarai: mutum ya gama gini mai kyau, ya yi fenti, ya sa ƙofar ƙarfe, sannan ya zauna a gaban katan uku na taliya da buhun sukari rabi. Jarin mai kayan masarufi ransa juyawa ne. Ɗauki misali: idan miliyan shida na juyawa sau ɗaya a wata kana cire ribar kashi biyar cikin ɗari, dubu 300 ke nan duk wata. Fili zai iya yin daraja, amma ba zai ba ka kuɗin cefanen gobe ba, kuma ranar da ka matsu ka sa shi a kasuwa, masu saye za su gane ka matsu.

Sai maganar awon igiya, wadda nake so ka tsaya a kanta sosai. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna. Takardar da mai gona ya rubuta maka, mai unguwa ya sa hannu, shaida ce cewa ka biya kuɗi, amma ba ita ce shaidar mallaka ta gwamnati ba. Ranar da hukuma ta ce titi zai bi ta nan, dokar ta ba gwamna ikon karɓar wurin don amfanin jama'a, kuma diyyar da ta tanada ta abin da aka gina ko aka shuka ce, ba ta darajar ƙasar ba. Wanda ya yi gini babu izinin hukumar tsara birane kuwa, matsayinsa ya fi rauni. Masu yanka gona da igiya ba su cika barin hanya mai faɗi ko wurin kwata ba, domin kowane taku kuɗi ne a wurinsu. Shi ya sa za ka shiga sabuwar unguwa ka tarar da lungun da motar kaya ba ta iya shiga, kuma kai da motar kaya kake rayuwa. Ga matsalar fili ɗaya a sayar wa mutum biyu, ga gonar gado da wani magaji ya sayar ba da sanin 'yan'uwansa ba.

Kada ka ɗauka tsoro nake ba ka kawai. A 1990 an rushe Maroko a Legas, dubban ɗaruruwan mutane suka rasa matsuguni. A Abuja an yi rusau mai yawa tsakanin 2003 da 2007, jama'a suka yi ta komawa Mararaba da Masaka da Suleja. A Accra, a 2021, an tashi 'yan kasuwar albasa na Agbogbloshie, waɗanda da yawansu mutanenmu ne na Nijar da Arewa, aka mai da su Adjen Kotoku can bayan gari. Nan Kano ma ka ga rusau na 2023 da idonka, ka kuma ga yadda aka tashi masu sayar da magunguna daga Sabon Gari zuwa Dangwauro. Birnin da ke girma da gaggawa yakan waiwayo ya gyara abin da ya bari ya lalace, kuma ƙaramin ɗan kasuwa ne ke fara jin zafin gyaran.

Duk da haka ba zan ce maka ka zauna a cikin gari ka rungume hannu ba. Hayar da aka ninka maka alama ce ta abin da ke tafe: wuri ya yi kaɗan, masu nema sun yi yawa, kuma kwastomominka da dama su ma haya ta kore su zuwa bayan gari. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta taɓa dubu. Magidancin da ke zaune a Kumbotso ko Ungogo ba zai ƙara hawa A Daidaita Sahu zuwa kasuwar Singa don katan ɗaya na sabulu ba. Haka masu ƙananan tireda na unguwar, kuɗin mota na cinye musu riba. Wanda ya kai musu kaya kusa da farashin da bai yi nisa da na Singa ba, ya samu kasuwa. Kai da ka shekara tara a wannan sana'a, ka san diloli, suna iya ba ka kaya ka sayar ka kawo kuɗi, kai ne ka dace da wannan gurbin. Ka tafi can a matsayin mai ba da sari, ba mai awon gwangwani ba.

Amma ka tafi da haya tukuna. Ka nemi shago a bakin titin da mota ke bi rani da damina, kusa da inda 'yan A Daidaita Sahu ke juyawa, ka yi yarjejeniya a rubuce ta shekara biyu ko uku da shaidu, a rubuta cewa ba za a ƙara kuɗi a tsakani ba. Kafin ka biya ko kwabo, ka je unguwar da ƙafarka ba tare da dillali ba. Ka yi sallar Asuba a masallacinsu ka ƙirga sahu, domin wannan zai nuna maka masu kwana a unguwar, ba masu kango ba. Ka koma da Magariba ka ga gida nawa ke da haske da hayaƙin girki. Ka tambayi ɗan garuwa nawa yake sayar da jarka, ka tambayi mai shayi ko akwai 'yan sintiri. Sannan, idan da hali, ka ga wurin bayan an yi ruwan sama mai ƙarfi a watan Agusta. Ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a 2022 ta lalata dukiya mai yawa, a tsakiyar gari ke nan, balle wurin da ba a taɓa haƙa kwata ba. Buhun fulawa da na sukari ba sa yafe danshi.

Ka kuma lura da matakin da unguwar take. Idan har yanzu magina sun fi mazauna yawa, kasuwar siminti da ƙusa da abincin leburori ce, lokacinka bai yi ba. Idan ka ga yara da kayan makaranta da safe, ga mai cajin waya, ga mai POS, ga mai sayar da gas, to mutane sun zauna. Abu ɗaya da zan ja kunnenka a kai shi ne bashi. Mazauna sabuwar unguwa yawancinsu sun zuba duk abin da suka mallaka a gini, aljihu ya bushe, kuma mutanen kirki ne da za ka ji nauyinsu. Ka yanke tun ranar farko iyakar abin da za ka iya bayarwa, ka rubuta a littafi, kada ka wuce.

Tsohon shagonka kuwa, ka zauna da littafinka ka duba ribar wata goma sha biyu da suka wuce. Idan bayan sabuwar haya da ladan yaro yana barin wani abu, ka riƙe shi shekara ɗaya, domin sunan da ka yi a wurin shekara tara ba a ɗaukarsa a mota. Ka je wurin mai shagon da dattijon da yake jin nauyinsa, ku nemi ragi ko biya kashi biyu. Idan ba ya barin komai, ka sake shi ba tare da jin kunya ba.

Da ni ne, zan ware kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin don haya da kanta da ƙofa mai ƙarfi, in zuba rabi a kaya, in ajiye sauran don wata shidan farko, lokacin da ciniki bai kankama ba. Fili kuma sai ya biyo baya, daga riba ba daga uwar kuɗi ba. A lokacin ka zama ɗan unguwa, ka san gonar da ke da rikici da wadda ba ta da shi, ka san inda ruwa ke kwanciya. Idan ka ga wanda ya yi maka, ka ɗauki bayanin wurin ka kai KANGIS, hukumar bayanan filaye ta jihar Kano, da KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, a duba maka ko akwai titi ko wani aiki da aka tsara a kai, ka sa lauya ya rubuta cinikin, magada duka su sa hannu, sannan ka miƙa kuɗi ta banki.